Ferry Porsche: Maƙerin Motar da ba ta Shan Ruwa

Duk ma'aikacin gwamnatin da ya karɓi bashin mota a ƙasar nan cikin shekarun 1970 ya san Volkswagen, ƙaramar motar nan mai doron kunkuru wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa, fanka ce kawai take hura wa injin iska. Daga jikin wannan mota ta talaka aka fitar da ɗaya daga cikin motocin gudu mafi daraja a duniya, watau Porsche. Wanda ya yi wannan aiki sunansa Ferdinand Anton Ernst Porsche, amma tun yana yaro ake kiransa Ferry domin a bambanta shi da ubansa, da wannan suna kuma duniya ta san shi.

An haife shi ran 19 ga Satumba, 1909, a garin Wiener Neustadt cikin ƙasar Ostiriya. Mahaifinsa, Ferdinand Porsche, shi ne babban injiniyan kamfanin motoci na Austro-Daimler, kuma ranar haihuwar ba ya gida, yana can wajen tseren hawan dutse a Semmering, sai da waya aka buga masa labarin. Yaron ya tashi a gindin masana'anta, wasansa duk a cikin maƙera da makanikai. Da Kirsimetin 1920 uban ya sa aka ƙera masa 'yar mota tasa ta kansa mai silinda 2. Da ma alkawarin keken da bunsuru ke ja aka yi masa, saboda haka mutanen gidan suka riƙa kiranta keken bunsuru. Kafin ya cika shekara 13 ya riga ya tuƙa motar tsere ta gaske.

A 1923 suka tashi zuwa Stuttgart a Jamus, inda uban ya kama aiki da kamfanin Daimler. Ferry ya gama makaranta a can, ya yi shekara guda yana koyon aiki a kamfanin Bosch, aka kuma riƙa ɗaukar masa malamai a gida. Bai taɓa samun digirin injiniya daga wata jami'a ba. Digirorin da aka ba shi daga baya na girmamawa ne. Sa'ad da uban ya buɗe ofishinsa na zanen motoci cikin watan Afrilu, 1931, Ferry yana cikin ma'aikatan farko, yana da shekara 21. Ya auri Dorothea Reitz a 1935, suka haifi 'ya'ya maza huɗu.

A Ƙarƙashin Hitila

Cikin watan Yuni, 1934, ofishin ya sami kwangilar da ta ɗaukaka shi, ta kuma bar masa tabo. Gwamnatin Hitila tana son motar jama'a wadda za ta ɗauki iyali, ta yi kilomita 100 a awa, kuɗinta kuwa kada ya kai mak 1,000. Uban ya zaɓi inji mai silinda 4 a kwance, biyu suna fuskantar biyu, wanda iska ke sanyaya shi. Dalilinsa a fili yake: talakan Jamus ba shi da gareji, motarsa a waje za ta kwana, ruwan lagireto kuwa yakan daskare da hunturu ya fasa inji, ya kuma tafasa a hawan dutse. Iska ba ta daskarewa, ba ta tafasa. A garejin gidansu aka ƙera samfuran farko, aka kuma damƙa wa Ferry aikin gwaji. A ƙarshen 1936 motoci 3 suka yi kimanin kilomita 50,000 kowacce, a 1937 kuma wasu 30 suka haɗa sama da kilomita miliyan 2, direbobinsu kuwa dakarun SS ne, watau rundunar jam'iyyar Nazi. Ran 26 ga Mayu, 1938, da aka aza harsashin masana'antar Volkswagen, Ferry ne ya tuƙa Hitila a cikin samfuri mai buɗaɗɗen rufi.

Jamusawa sama da 300,000 sun riƙa biyan mak 5 kowane mako suna jiran motar, babu wanda ya samu. Yaƙi ya ɓarke a 1939, masana'antar ta koma yi wa soja motoci a kan wannan inji, har da wadda take iyo a ruwa. Kimanin mutum 20,000 aka tilasta wa aiki a cikinta, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, kuma kamfanin Porsche kansa a Stuttgart ya yi aiki da ɗaruruwan irinsu.

Ferry ya shiga SS a ƙarshen 1938, ya zama hafsa a cikinta a 1941. Duk tsawon ransa ya nace cewa muƙamin girmamawa ne Himmler ya ɗora masa, wanda ba shi da ikon ƙi. Masu binciken tarihi da suka duba takardun bayan rasuwarsa sun nuna da kansa ya nema. Akwai kuma maganar Adolf Rosenberger, Bayahude, direban tsere, wanda da kuɗinsa da sanayyarsa aka kafa ofishin a 1931. A 1935 aka karɓe hannun jarinsa na kashi 10 cikin 100 aka mayar wa Ferry a kan kuɗin da bai kai darajarsa ba, a shekarar kuma 'yan Nazi suka kama shi suka tsare, daga baya ya tsere, ya ƙare a Amurka da wani suna. Abin da ya samu bayan shari'a a 1950 shi ne mak 50,000 da mota guda. Da Ferry ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1976 bai yi wa wannan mutum adalci ba, har ma ya jefe shi da irin kalaman da ake jifar Yahudawa da su. Wannan sashe na tarihinsa shekara da shekaru ba a ambatonsa a bukukuwan kamfanin.

Gidan Katako a Gmünd

A 1944, da bama-bamai suka tsananta a Stuttgart, aka kwashe ofishin zuwa wani tsohon wurin tsaga katako a ƙauyen Gmünd, cikin duwatsun kudancin Ostiriya. Cikin Disamba, 1945, Faransawa suka gayyaci uban da ɗan da surukinsu Anton Piëch zuwa Baden-Baden a kan maganar ƙera mota, suna isa aka kama su. An saki Ferry a 1946, amma tsohon, mai shekara 70, ya zauna a tsare har Agusta, 1947, wani lokaci a kurkukun Dijon, inda lafiyarsa ta lalace. Faransa ta sa belin faran 500,000 a kan kowane ɗayan biyun. Yayar Ferry, Louise, matar Piëch, ita ta riƙe kamfanin kafin ƙanenta ya dawo. Suna gyaran motoci, suna ƙera famfunan ruwa da kayan aikin gona, abin da dai zai kawo na abinci. Sai wani attajirin Italiya, Piero Dusio, ya ba su kwangilar zana masa motar tsere mai suna Cisitalia, da kuɗin nan aka fanso tsofaffin biyu. Motar ba ta taɓa cin wani tsere ba, Dusio ma karyewa ya yi a kanta, amma ta yi wa gidan Porsche amfaninta. Da uban ya dawo ya duba zanen, ya ce da shi aka bai wa aikin haka zai yi shi.

Tun lokacin yaƙi Ferry yana hawan wata Volkswagen mai buɗaɗɗen rufi wadda aka ƙara wa injinta ƙarfi. A bayan sitiyarinta ya gane abin da ya gina sauran rayuwarsa a kai: ƙaramar mota marar nauyi mai isasshen ƙarfi ta fi babbar mota mai tarin ƙarfi daɗin tuƙi. Ya duba kasuwa bai ga irin wadda yake so ba, sai ya ƙudura yin tasa. Kuɗin ƙera sabon inji babu, saboda haka ya ɗauki abin da ke hannu, inji da giya da ƙafafun Volkswagen. Karl Rabe ya kula da aikin injiniya, Erwin Komenda ya zana jikin, aka buge shi da guduma daga fallayen alminiyam. Ran 8 ga Yuni, 1948, hukuma ta ba motar izinin hawa titi. Lambar aikin a littafin ofis 356 ce, ita ta zama sunanta. Injin bai wuce ƙarfin doki 35 ba, amma da yake duk nauyinta kilo 585 ne, tana kai kilomita 135 a awa. Ita ce mota ta farko da ta ɗauki sunan gidan. A wannan ta farko injin yana tsakiya. A na sayarwa aka mayar da shi can baya kamar na Volkswagen, domin a sami wuri a ciki, kuɗin kuma ya sauka. Wannan shawara ta tsimi ita ta bi kamfanin har yau. Kimanin 50 aka yi a Gmünd, duk da hannu, masu sayen farko kuwa mutanen Suwizalan ne.

Babbar dabararsa ta wannan shekara a kan takarda ya yi ta. Cikin Satumba, 1948, ya ƙulla yarjejeniya da Heinz Nordhoff, sabon shugaban Volkswagen: za a biya gidan Porsche mak 5 a kan kowace Volkswagen da aka ƙera, a sayar musu da kayan haɗi, a bar su su yi amfani da dillalan kamfanin, a kuma ba su wakilcinsa a Ostiriya. A lokacin ba wanda ya san motar za ta haura miliyan 21. Ɗan ƙaramin kamfani ya sami rijiyar da ba ta ƙafewa.

A 1950 ya koma Stuttgart. Sojan Amurka suna zaune a tsohuwar masana'antarsu, sai ya yi hayar wani sashe a kamfanin Reutter mai ƙera jikin mota, ya ba da odar guda 500, yana ganin iyakar abin da duniya za ta saya ke nan. Kafin a daina yin 356 a 1965 an ƙera sama da 76,000. Uban bai ga wannan ba, ya rasu ran 30 ga Janairu, 1951. A shekarar ce 356 ta zo ta ɗaya a ajinta a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Wani dillali a New York, Max Hoffman, ya buɗe mata kasuwar Amurka, shi ya matsa aka yi samfurin Speedster a 1954, wanda aka rage wa kayan alatu domin kuɗinsa ya tsaya ƙasa da dala 3,000. Ko mutuwar ɗan wasan sinima James Dean a cikin wata Porsche ta tsere a 1955 ba ta rage mata kasuwa ba.

Mai Lamba 911

Wajen ƙarshen shekarun 1950 injin Volkswagen ya kai iyakar abin da za a iya matsa daga gare shi. Ferry ya gindaya sharuɗɗan magajiyar 356: ta fi ta tsawo da ƙarfi, ta rage ƙara, ta sami wurin jakar sandunan golf, amma injin ya zauna a baya, iska kuma ta ci gaba da sanyaya shi. Babban ɗansa, Ferdinand Alexander, wanda ake kira Butzi, ya jagoranci zanen jikin. Ɗan yayarsa Ferdinand Piëch da injiniya Hans Mezger suka kammala injin mai silinda 6, lita 2, ƙarfin doki 130. An nuna ta a Frankfurt cikin Satumba, 1963, da sunan 901. Kamfanin Peugeot ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce, kamar yadda duk mai 404 ko 504 ya sani, sai aka cire sifirin aka sa 1.

Mallakar irin wannan mota tana da nata ladubba, kuma su ne suka sa masu ita suke ji da kansu. Makullin tayarwa yana hagun sitiyari. Agogo biyar ne a gaban direba, na tsakiya mafi girma kuwa na juyin inji ne, na gudu yana gefe, domin da kunne da wannan allura ake sanin lokacin canja giya. Da yake babu rigar ruwa da ta lulluɓe injin, duk motsinsa a kunne yake, ga kukan fanka a sama, ga gurnanin salansa a ƙasa. Mai ita yakan gane ƙararta tun ba ta shawo kwana ba. Baƙin mai yana ɗaukar rabo mai yawa na aikin sanyayawa, shi ya sa take shan lita 9 zuwa sama a wani tanki dabam, alhali Volkswagen lita 2 da rabi ta ishe ta. Ba a auna man sai injin ya yi zafi yana kuma aiki, wanda bai san haka ba yakan cika shi ya wuce kima, motar ta kama hayaƙi. Ba a matsa mata sai man ya ɗumama. Bawul da hannu ake daidaita su lokaci lokaci. In fanbel ya tsinke, tsayawa ake yi nan take, domin 'yan mintoci kaɗan sun isa su ƙone injin. Ɗumin cikin mota kuwa daga zafin salansa ake jawo shi, yakan zo da ɗan warin mai.

Tuƙin ne ya fi neman hankali. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana kan tayoyin baya, saboda haka sitiyarin ba nauyi, tayoyin baya kuma suna kama ƙasa ƙwarai wajen tashi da fita daga kwana. Amma wanda ya shiga kwana da gudu, ya tsorata, ya ɗauke ƙafa daga totur, nauyin sai ya koma gaba, bayan ya yi sako-sako ya juyo kamar gudumar da aka wurga, motar ta bar titi da baya. Ƙa'idar ita ce a gama taka birki tun hanya tana miƙe, a shiga a hankali, a fita da totur. Kamfanin ya san aibin. A motocin farko har dunƙulen ƙarfe mai kilo 11 aka riƙa ɓoyewa a kowane gefe na bambar gaba, abin da ba ya cikin abubuwan alfahari ga gidan injiniyoyi, kafin a 1968 a ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya da milimita 57. Shekara 30 injiniyoyinsa suka yi suna horar da wannan hali ba tare da sun kashe shi ba.

Rikicin Gida

Ferry mutum ne mai sanyin murya, ba ya son hayaniya, ya fi son koriyar mota da farauta a duwatsu. Ubansa mai zafin rai ne, zafin kuma ya tsallake shi ya faɗa kan jikoki. Shi da Louise kowa yana da 'ya'ya huɗu, kowane ɗayan goman yana da kashi 10 cikin 100, da yawansu kuma suna aiki a kamfanin suna hangen kujerar shugabanci. Wanda ya fi su ƙwazo da taurin kai shi ne Ferdinand Piëch. A 1969 ya ƙera motocin tsere 25 na samfurin 917, mai silinda 12 wanda shi ma iska ke sanyayawa, da kuɗin da ya kusa girgiza kamfanin. Motar ta biya bashinta a 1970, da Hans Herrmann da Richard Attwood suka ci Le Mans gaba ɗaya, karo na farko ga Porsche. Amma gaba tsakanin 'ya'yan wa da na ƙane ta riga ta yi nisa. An tara iyalin a gonarsu ta Zell am See a 1970 domin sulhu, ba a daidaita ba. Hukuncin da aka yanke mai tsauri ne: daga 1972 babu ɗan gidan da zai sake riƙe aikin gudanarwa. Butzi ya fita ya kafa ofishin zane nasa, Piëch ya tafi Audi, daga can ya zama shugaban Volkswagen a 1993. Ferry kansa ya bar kujerar yau da kullum ya koma shugaban hukumar sa ido. Kamfanonin gado da yawa sun mutu a daidai wannan gaɓa, nasa ya tsallake, ko da yake ya biya da ganin ɗansa ya bar gidan da ya zana wa mota mafi shahara.

Baƙon da aka ɗauko, Ernst Fuhrmann, injiniya ne na ƙwarai, kuma a lissafinsa kwanan 911 ya ƙare, domin dokokin hayaƙi da na ƙara a Amurka suna ƙara tsanani. Ya fito da 928 a 1977, mai inji a gaba da lagireto, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1978. Shirinsa a daina 911 a farkon shekarun 1980. Masu saye dai suka ci gaba da neman tsohuwar, dangantaka tsakaninsa da Ferry ta yi tsami, a ƙarshen 1980 ya tafi. Magajinsa, Peter Schutz, Ba'amurke haifaffen Jamus, bai daɗe da kama aiki a 1981 ba ya shiga ofishin babban injiniya Helmuth Bott, ya ga jadawali a bango inda layin 911 ya tsaya. Ya ɗauki alƙalami ya ja layin har ya fita daga takardar ya bi bango. Bayan shekara 3, a 1984, wata 911 da aka sa wa ƙarfi a tayoyi huɗu, René Metge yana tuƙi, ta ci tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa Sahara ta Agadas a Jamhuriyar Nijar. Injin da aka zaɓa saboda ƙanƙarar Jamus ya jure zafin hamada.

Ferry ya sauka daga shugabancin hukumar sa ido a 1990, matarsa kuwa ta riga shi tun 1985. Shekarun da suka biyo baya sun yi wa kamfanin wuya. Dala ta faɗi, kasuwar Amurka ta tsuke, motocin da ake ƙerawa suka sauko daga sama da 50,000 a 1986 zuwa ƙasa da 15,000 a 1993, har ana raɗe-raɗin za a sayar da shi. Iyalin suka ƙi. Sabon shugaba, Wendelin Wiedeking, ya ɗauko Japanawa tsofaffin ma'aikatan Toyota suka koya wa Jamusawa tsimin aiki, ya kuma yanke abin da Fuhrmann ya hango tun da wuri. Domin cika dokar hayaƙi ana bukatar bawul 4 a kowace silinda, iska kuwa ba ta iya kwashe zafin da ke taruwa a irin wannan kan inji, ga kuma dokar ƙara. Boxster ta 1996 da sabuwar 911 ta 1997 duk da lagireto suka fito, injin 911 dai yana nan a baya. Tsohon ya ga fitowarsu duka biyu. Tsofaffin masu sanyin iska kuwa daga baya kuɗinsu ya hau, har wasu da aka kula da su suka fi sabuwa tsada.

Ya rasu ran 27 ga Maris, 1998, a Zell am See, yana da shekara 88, aka binne shi a ɗan ƙaramin cocin gonar gidansu, kusa da iyayensa da matarsa. Ran 31 ga watan, kwana huɗu bayan rasuwarsa, 911 ta ƙarshe mai sanyin iska ta fito daga masana'antar Stuttgart.